Haƙorin Yanke Zare

"Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki... Kai, tsoho! Gaisuwa huɗu na jero maka kana ta ɗaga mini kai kamar ƙadangare. Har da harshen aka haɗa aka cire?"

Tela ya sake ɗaga mata kai. Yana zaune a bayan keken ɗinkinsa da hantsi, ya ɗaure muƙamuƙinsa da ragowar yadin wata mata, mai manyan furanni jajaye, ya ƙulle shi a tsakiyar kai. Kuncinsa na hagu ya yi suntum, idanunsa sun yi ja. Kwana huɗu ke nan da aka cire masa haƙori, kuma ba kowane haƙori ba, wanda ya yi shekara arba'in yana yanke zare da shi alhali almakashi na ajiye a gefen hannunsa.

Mai gaisuwar 'yar kawunsa ce, malamar firamare da ta yi ritaya bara. Mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, su kuma suka tashi a gida ɗaya suna abokan wasa. Yanzu duk sun yi jikoki, amma har gobe babu wanda zai ce ya taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana a miƙe. Idan ta ce masa ana ruwa, sai ya leƙa waje kafin ya ɗauki laima. Dangi suna jin daɗin wannan hali nasu, ni ma ina ji, sai dai a wannan safiyar ya zo musu da abin da ba su shirya masa ba.

Ta ture tarin yadi daga kan benci ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Rigata na zo karɓa. Amma tsaya, wannan ɗaurin fa? Wa ya ɗaura maka ɗankwali? Da ka gaya mini ka dawo cikinmu, ai da na taho maka da 'yan kunne."

"Ban gama rigarki ba," ya ce ta gefen baki. "Yadin bai isa ba. Faɗinki ya ƙaru tun da aka kore ki daga makaranta."

"Ritaya na yi, da takardar yabo."

"Yabon da aka yi miki don ki tafi."

"Ah, ashe bakin na nan. To ina haƙorin? Na zo ganin gawa."

"Likita ya riƙe. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin irinsa ba. Saiwa huɗu, kowace kamar yatsa. Ƙarti uku suka taru kafin ya fito."

"Ni kuma labarin da na ji, kana buɗe baki ya faɗo da kansa yana godiya. Shekara arba'in yana zaune kusa da harshen da ke ce wa mutane su dawo gobe! Ko ni ce zan gudu."

Tela ya so ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ya dafe kunci, ya runtse ido har abin ya lafa. Don ya nuna mata ba komai ba ne, sai ya jawo hannun rigarta ya soka allura, ya yi ɗinki uku, ya ɗaga zaren zuwa bakinsa kamar yadda ya saba. Sai da zaren ya taɓa leɓensa ya tuna. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya lalubi almakashi.

"Kin gani?" ya ce. "Sau ashirin a rana nake yin haka. Hannun bai san an yi rasuwa ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. In sanar da dangi su zo ta'aziyya?"

"Ki yi dariyarki. Da haƙorin nan na ɗinka kayan aurenki, da shi na ɗinka rigunan makarantar 'ya'yanki biyar. Bai taɓa neman hutu ba. Ni na ci amanarsa. Wata bakwai yana yi mini magana, in na sha ruwan sanyi sai ya ce mini ga ni nan. Na yi ta danna masa ƙwaya ina cewa gobe."

"Kamar yadda kake wa masu kawo ɗinki."

"Likita ya ce da na zo tun a lokacin, cikewa kawai zai yi, minti ashirin in tashi da abina." Ya ajiye almakashin. "Wannan maganar ta fi allurar zafi."

Malama ta taso don ta duba hannun rigar, ta sunkuya kusa da shi, sai ta ja da baya tana yatsina fuska.

"Tsoho, me ya mutu a shagon nan?"

"Mutuncinki, tun da kika shigo."

"A'a, tsaya. Buɗe bakinka in gani."

"Don ki ƙirga sauran ki kai labari?"

"Me ka ci yau?"

"Rabin ayaba. Ɗaya rabin na bar miki, na san ba ki zuwa gidan mutane da cikinki a cike."

"Yaushe rabonka da barci?"

"Tun shekaranjiya. Kwana biyun farko lafiya lau. Daga nan ya dawo, yanzu har cikin kunne yake harbawa, har ido."

"Matarka fa, ba ta ce komai ba?"

"Ta yi magana har ta gaji. Ta ce in na mutu ta san inda nake ajiye makullin shago."

"Kwana huɗu ai sauƙi ya kamata ka fara ji. Ka yi abin da na gaya maka a waya ranar da aka cire?"

Nan tela ya gyara zama. Duk da ciwon, rabin fuskar da ke motsi ya washe irin na mutumin da ya ci wasa.

"Ai jira nake ki tambaya! Kin zaci kin kama ni ko? Kada ka kurkure baki yau, kada ka tofar da yawu da ƙarfi, kada ka sha abu mai zafi, kada ka taɓa wurin. Ina sauraronki ina murmushi. A cire wa mutum haƙori a ce kada ya wanke baki? So kike in ruɓe ki samu abin faɗa a cikin dangi."

"Me ka yi?"

"Akasin kowanne. Ina isa gida na tofar da audugar, na kurkure baki sau bakwai, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Na sha shayi mai tururi kofi biyu. Da safe na duba madubi, na ga wani baƙin gudan jini ya toshe ramin, na ce yauwa, ga dattin da take so ya zauna. Na sa tsinken sakace na fitar da shi tas."

Malama ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Wannan gudan jinin shi ne murfin ciwon. Shi ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. Ka cire shi ka bar ƙashi a fili, iska na shiga, abinci na shiga. Likitan bai gaya maka ba?"

"Ya yi ta magana. Ni kuma rabin fuskata ba tawa ba ce, kunnena na ƙara. Ban ji komai ba sai sannu Baba."

"Bai ba ka takarda ba?"

"Ya ba ni. Na rubuta awon wani mutum a bayanta, ya fasa ɗinkin, ya tafi da yadinsa da takardar."

"To ni da na gaya maka fa?"

"Ke? Ke da kika ce in zuba man girki a keken nan ranar da na saye shi, kwana uku tururuwa suka mayar da shi gidansu? Ke da kika ce matata ta haifi 'yan uku, na taho a guje da takalmi ɗaya, na tarar ko naƙuda ba ta fara ba? Ke da kika aike ni tasha taryen Kawu, na wuni a rana, ashe yana ɗakinsa yana barci?"

"Wancan duk wasa ne."

"Wannan fa?"

"Wannan gaskiya ce."

"Da murya ɗaya kika faɗe su duka."

Matar da ta yi shekara talatin tana sa yara sittin su yi tsit da kallo ɗaya, yau ita ce ta kawar da ido. Gaskiyarsa ce, kuma ta san gaskiyarsa ce. Ita ma ranar da ta buga wayar, da dariya ta fara, ta ce masa a gaishe da mai giɓi, sannan ta jero shawarar a bayan dariyar.

"Tashi," ta ce. "Tashi mu koma asibiti yanzu. Za su wanke ramin su sa magani su rufe."

"Ba inda za ni. In na koma su ga na kusa da shi su ce shi ma ya taɓu. Na ba su ɗaya, ba zan ba su biyu ba. Zafin nan na warkewa ne."

"Wa ya ce maka?"

"Tun da kin ce ba na warkewa ba ne."

"To shi ke nan, kada ka je. Zauna."

"Yauwa, yau kin faɗi gaskiya. Na zauna."

"Kai, wannan wane irin mutum ne! Na rantse da..."

"A'a, a'a, kada ki rantse. Kada ki ja wa kanki azumi uku a kan haƙorin tela."

Ta koma kan bencin ta zauna da ƙarfi, har yadi biyu suka zame ƙasa. Wata mata ta leƙo tana tambayar zanenta, tela ya ɗaga mata yatsa ɗaya alamar gobe, ta wuce tana tsaki.

"Gaya mini," in ji Malama. "Wata bakwai kana fama, me ya hana ka zuwa tun farko? Asibitin nan da ƙafa ma kana isa."

"Ke kika hana ni."

"Ni?"

"Maƙwabciyarki. Wadda kika ce likita ya sa gwiwa a ƙirjinta yana ja, haƙorin ya taho da rabin muƙamuƙi, har yau da cokalin shayi ake ba ta abinci. Duk ranar da na sa takalmi zan tafi, sai in tuna ta, in cire."

"Ba ni da wata maƙwabciya irin wannan."

"Kin ce har kin je duba ta."

"Ƙirƙira na yi! Muna cin abinci a gidanka ka ce haƙorinka na tsami, na so in ga yadda za ka zare ido. Duk cikin ƙaryata wannan ka zaɓa ka yarda da ita?"

"Ranar ba ki yi dariya ba."

Maganar ta dake ta, ba kaɗan ba. Ta dubi kumburin, ta dubi idanunsa da ba su ga barci ba, ta ji kunya irin wadda rabonta da ita tun tana yarinya. Labarin minti biyu ne ta yi don a yi dariya a tashi, har ta manta ta yi shi. Shi kuma ya ɗauke shi ya kai gida ya kwana da shi wata bakwai.

"Ke nan ni na cire maka haƙorin nan," ta ce a hankali.

"Ai shi ya sa rigarki sai baɗi."

Ya jefa mata maganar ne don ta rama, su koma inda suka saba. Ba ta rama ba.

"Yaya," ta ce.

Tela ya waiga bayansa ya ga ko wani ya shigo. Ya girme ta da shekara biyu, amma tun da ta iya magana ba ta taɓa kiransa haka ba.

"Da kai nake. Wannan ciwon ba ya jin ƙwaya. In ka bar shi yana iya ruɓewa, zazzaɓi ya biyo baya, fuskar nan ta kumbura har idon ya rufe. Don Allah ka tashi."

"Kai, wannan sabon salo ne! Har da Yaya, har da don Allah. Saura ki matso hawaye. To ke me kika sani game da cire haƙori? Ga bakinki nan reras, fari tas, ko ciwon haƙori ba ki taɓa yi ba. Daga ina kika samo wannan ilimin? Daga littafin 'yan aji uku?"

Malama ta ajiye jakarta a kan benci. Sannan ta tashi ta saki labulen ƙofar shagon, ta leƙa ta gefe ta tabbatar babu mai zuwa. Ta juya masa baya, ta kai hannu bakinta. Da ta juyo, sai ta ajiye wani abu a kan teburin keken, a kan wani ɗan ƙyalle fari. Haƙora ne huɗu, na sama, na gaba, a jere a jikin wata 'yar roba mai launin dasashi.

Leɓenta na sama ya faɗa ciki. Nan take ta koma kamar mahaifiyarta a shekarunta na ƙarshe. Da ta yi magana, iska na bin kowace kalma.

"Ga inda na samo."

Tela ya dubi haƙoran, ya dube ta, ya sake duban haƙoran. Hannunsa ya sauka daga kuncinsa bai sani ba.

"Shekara tara ke nan," ta ce. "Ka tuna lokacin da aka ce na tafi kwas na wata biyu? Ina ɗakina. Ni ma jinkiri na yi, ciwon dasashi ya ci su, aka cire huɗu rana ɗaya. Ni ma na kurkure, don ba na son ɗanɗanon jini. Bayan kwana uku, wannan zafin da kake ji ya zo mini, har ina dukan bango da hannu. Mijina ya mayar da ni, aka wanke aka sa magani. Daga shi sai likita suka sani. 'Ya'yana ma ba duka ba."

"Me ya sa ba ki..."

"Saboda bakinka. Na san in ka ji, sunan da za ka raɗa mini har jikokina sai sun gaje shi."

Tela ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki alli ya ajiye, ya ɗauki tef ɗin awo ya ajiye.

"Shi ya sa kika daina shan rake a gidana," ya ce. "Shi ya sa nama sai an yanka miki ƙanana. Ni kuma ina cewa yangar ma'aikatan gwamnati ce."

"A gaban baƙi ma."

"A gaban baƙi ma," ya maimaita. "Har na taɓa miƙo miki ƙashi na ce ki nuna musu aikin haƙoran malamai."

"Na ce azumi nake."

"Ranar Asabar, da hannunki a cikin kwano."

Ba wanda ya yi dariya. Mutum biyu da suka sha nono a tsakar gida ɗaya, kullum suna tare a farin ciki da baƙin ciki, ashe kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa ciwonsa saboda tsoron bakinsa. Ni dai abin ya ba ni tausayi, kuma su ma tausayin juna ne ya kama su.

Malama ta tura ƙyallen da haƙoran zuwa gabansa da yatsa ɗaya.

"To ga shi, na ba ka. Kyauta. Ka yi ta yi da ni har mu mutu, ka gaya wa duk mai kawo ɗinki, ka rubuta a ƙofar shago in ka ga dama. Amma ka tashi mu tafi."

Tela ya zuba wa haƙoran ido. Suna nan a kan kekensa suna yi masa murmushi su kaɗai, ba mai su. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinsa, dariyar ta fito tare da ihu, ya riƙe muƙamuƙinsa da hannu biyu yana dukan ƙasa da ƙafa.

"Wayyo Allah! Wayyo kunnena! Shekara hamsin ina neman abin da zan kashe bakinki da shi, yau kin ajiye mini shi a kan kekena, ranar da ba ni da bakin dariya."

"Ka yarda?"

"Na yarda. Kin ci. Mayar da su kafin wani ya ɗaga labulen nan."

"In ka warke fa?"

"Ban ga komai ba."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake. Amma daga ni sai ke, ba a gaban mutane ba."

Ta juya baya ta mayar da su, ta gyara mayafinta, ta dawo Malamar da kowa ya sani. Shi kuma ya rufe keken, ya sa hularsa, ya ɗauki makulli. Ya miƙe a hankali yana dafa bango, don kwana biyu ke nan ba barci ba abincin kirki. Ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya harare ta, ta janye.

A bakin ƙofa ya tsaya da kwaɗon a hannunsa, bai kulle ba.

"'Yar kawu."

"Me kuma?"

"Wankewar nan, da zafi?"

Amsa uku suka zo mata baki a tare, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ta haɗiye su.

"Da ɗan zafi, kamar minti biyu. Daga nan sai ka ji ya sake ka. Yau za ka yi barci."

"To," ya ce, ya kulle shagon.